Kumfar da Ruwa Ya Yarda da Ita

Shekara goma sha tara ina dukan tufa a kan dutse
a mashayar Yawuri, inda Kwara ke lanƙwasa.
Hannuna ya san omo fiye da yadda ya san tuwo,
ya tsattsage tsakanin yatsu,
ya yi kaushi kamar bayan kada.

Kumfar da nake zubarwa ba ta narkewa.
Takan zauna bisa ruwa har la'asar sakaliya
kamar baƙon da bai san sallama ba.

Wata safiya Nomau masunci ya zo da ƙwarya,
'ya'yan gargaza ne a ciki, kowanne ciki a sama.
Bai zage ni ba.
Ya ajiye ta kusa da ƙafata, ya koma jirginsa.
Da ma zagin ya yi.

Gwaggo Tabawa ce ta tuna mini da toka:
"Kafin a haifi leda, da me kake jin muna wanki?"
Muka ƙona karan gero da totuwar masara,
muka tace a tukunya mai huji,
ruwan na ɗiga cikin dare, ni ina ƙirgawa.
Man kaɗe na bashi,
man darbejiya daga 'ya'yan da yara ke tsinto mini
mudu mudu, suna dariyar mai sayen abin shara.

Tukunyar farko ta ci rigar Malam Bagudu,
shadda ce, ta Juma'a. Wata uku ina biya.
Ta biyu ta ƙi daskarewa.
Ta uku ko akuya ta kauce mata.
Sai a ta bakwai, da ƙwai ya yi iyo a ruwan toka,
Gwaggo ta lasa da bakin harshe, ta yamutsa fuska,
ta ce, "Yanzu ka zama mutum."

Na naɗe shi da takarda, ban yarda da leda ba.
Ranar kasuwa na kai talatin, na dawo da ashirin da shida.
Mata suka ce ba ya kumfa.
Na ce kumfa ba ita ke wanki ba,
da haka ne da tunƙaho ya ciyar da gida.

Sai 'yan wanki suka fara zuwa da dare,
suna ɓoye hannu a aljihu.
Daga su sai asibiti, sai makarantar kwana.
Tukunya ta zama duro, duro ya zama huɗu,
na yi sawu tara Birnin Kebbi kafin lambar hukuma ta fito.
Mutum goma sha ɗaya suka koma cin abinci a rumfata.
Gwaggo ba ta ga wannan ba.

Bara gwiwa ta fara yi mini gardama,
ɗana kuma injin jirgi yake so, ba toka ba.
Hajiya Ige ta zo daga Jega da lauya da jaka.
Kwana uku muna ja.
A kan kuɗi mun shirya tun ranar farko,
sauran biyun a kan leda ne,
da mutanena sha ɗaya, da abin da za a zuba wa kogi.
Ta sa hannu. Na dangwala yatsa,
yatsan nan da omo ya kusa cinye zanensa.

Jiya na shiga shago na sayi guda.
Yaron bai san ni ba, ya ba ni canji.
Na sunsuna. Sun ƙara turare,
darbejiyar dai tana nan a ƙasa, tana ɗacinta.

Na gangara mashaya na wanke hulata.
Kumfar ta ɗan tsaya, ta waiwaye ni,
ruwa ya karɓe ta.
Can tsallake wani na jefa birgi,
ban tabbata ko Nomau ba ne.
Na dai ɗaga masa hannu.