Kiran Suna a Gonar Labo

Shekara talatin ina kiran suna a lakwal,
yaro ya ce ga ni, in ja layi, in wuce.
Na aje alli, hannun bai aje aikin ba.
Yanzu da hantsi nakan gangara fadamar Jiratawa
da tsohon kaye da bik mai yankewa,
in zauna a gindin gawo
in kira waɗanda ba su san suna da suna ba.

Ƙudan zuma? Ga shi, yana gunaguni cikin furen wake.
Hawainiya? Tana tafe, ba ta taɓa zuwa kan lokaci ba.
Bushiya? Sawunta ya amsa mata.
Malam-buɗe-littafi?

Na sake kira.

Shekarun baya shafi guda ba ya isar su:
farare, da masu ruwan ɗorawa,
da wani mai zane kamar bayan zabuwa,
da jan nan mai baƙin gefe
wanda ba ya yin nisa da tumfafiya.
Jikata Cima kan tsaya cikin kunya, hannu a buɗe,
har ɗaya ya ɗauke ta reshe.

Labo ya kawo irin daga ƙetaren iyaka,
ƙulle a leda, cikin aljihun gaba.
Ya ce an sa masa makari tun yana ƙwaya,
tsutsa ta ɗanɗana, ba ta ƙara.

Ba zan ci haƙƙin Labo ba.
Na ga shekarar da ya ɓare kwanso goma
ya tarar da kashin tsutsa a tara.
Na ga famfon feshi ya ci masa kafaɗa,
yana tari har bayan isha'i.
Bana sau biyu kawai ya goya shi.
Rumbu ya cika, ya biya bashin taki,
matarsa ta aiko mana ƙosai da zafinsa,
na ci bakwai, ban ji komai ba sai daɗi.

Amma shafina da saura.
Ɗan tsuntsun da ke kai wa 'ya'yansa tsutsa
ya bar sheƙa a sabara, babu sallama.

Ran Laraba Hinda ta zo kan babur,
'yar da na koya wa riƙon alli,
yau ita ce malamar gona.
Ta duba kayena, ta ce, Mushe, a hankali.
Mai huda wake, uwarta da dare take tashi,
naka na rana ne.
Ka tambayi maganin ciyawa,
ka tambayi gatarin da ya share gefen gona,
ka tambayi ruwan da ya ɗauke a Agusta.
Na ce, na dare da na rana ai dangi ne,
abin da ya shiga gidan wa, ƙane ya kwana lafiya?
Ta yi shiru, ta ce, ban sani ba tukuna.
Damina uku ba ta isa shaida ba.
Ci gaba da ƙirga, kada ka tsallake rana.

Haka ɗaliba ta ba malaminta aikin gida.

Na roƙi Labo taku huɗu daga gabas,
inda fartanya da feshi ba za su taɓa ba.
Ya ce, gonar ciyawa za ka yi da tsufanka?
Ya yi dariya, ya ba ni uku.
Na bar tafasa, na bar tumfafiya ta yi yadda ta so,
na zuba jan waken da gyatumata ta bari a tulu,
wanda tsutsa ke ci, mu ci saura.

Jiya, rana ta kusa tsaka,
ina shirin rufe kaye,
wani fari, fiffike ɗaya a yage,
ya sauka kan igiyar takalmina.
Ya buɗe, ya rufe, ya buɗe.
Ban iya karanta abin da ke ciki ba.
Na rubuta: ɗaya, ya makara.
Na bar layukan ƙasa babu komai.