Agwagwa da Gyaɗa

A Garwa, shekarar da jirgin ruwa ya makara,
gyaɗa ta taru bakin Binuwai har ta fara tsira.
Ni Shekarau, ubana ɗan dako,
shekarata sha uku, gammona tsumma.

Bobbo ɗan mai sikeli ne.
Rigarsa na ƙamshin adaka,
takalminsa na kuka in ya taka.
A gidansu iyakata dakali;
in an miƙo mini fura, da ƙoƙon da aka ware.

Shi ya fara magana: "Koya mini iyo."
Na ce, "Cire takalmi, kogi bai san ɗan kowa ba."
Ya sha ruwa, ya yi tari, ya ɗan yi hawaye,
na tallafe haɓarsa har tsoro ya sake shi.

Ladana ba kuɗi ba ne.
Ya share yashi da tafin hannu,
ya zana mini ƙirgen Nasara:
ɗaya sanda,
biyu agwagwa,
takwas gyaɗa ce cikin ɓawonta.

Wata Laraba, ina jiran Baba,
na leƙa littafin akawu ta bayan kafaɗa.
Buhu talatin da huɗu Baba ya ɗauka,
ni na ƙirga, da tsakuwa a aljihu.
A takarda kuwa, agwagwa ce da gyaɗa.
Shida sun bi ruwa.

Na kwana biyu da maganar a ciki.
Ƙwai ne zai ja da dutse?
Da na faɗa wa Bobbo, kaina a ƙasa,
sai ka ce ni na yi satar.
Bai ce uffan ba. Ya ɗaure takalmi ya tafi.

Washegari, gaban fatake da 'yan dako,
ya ɗauki littafin da hannu biyu,
ya karanta da ƙarfi, suna bayan suna.
Muryarsa na rawa,
amma bai tsallake layi ba.

Mahaifinsa ya biya kowa, ya sallami akawu.
Da dare muka jiyo dorina ta bayan katanga,
wai ya kunyata gida gaban masu gammo.

Da ruwa ya fara janyewa
aka sa shi a jirgin ƙarshe, sai Yola, wurin kawu.
Hanya ɗaya ce ta kusantarsa:
na ɗora adakarsa a kaina.
A kan katakon hawa ya raɗa mini,
"In jirgi ya kife kada ka damu,
na iya iyo."

Wasiƙa uku na samu. Sai shiru.

Yau furfura ta cinye gemuna,
littafin bakin kogi yana hannuna.
Kowane buhu sai na faɗi adadinsa da ƙarfi,
yara na dariya, wai tsoho na magana shi kaɗai.
Su yi ta yi.
Ni dai in na rubuta biyu,
har gobe agwagwa nake gani a kan yashi.