Lambar da ke Cikin Murfi

Takardarka ta fito ran Laraba, Ukasha.
Sha takwas ka cika, in ji fayil,
ko da yake ba wanda ya san ranar haihuwarka.
Ranar da aka kawo ka muka ara,
daga bakin tashar Jega,
cikin tsohuwar atamfa mai zanen kifi.

Hukuma ta ce ka girma.
Hukuma ba ta taɓa ganin barcinka ba,
tafin hannu a bayan kunne
kamar mai jiran kira daga nesa.

Ni mai tukunya ce a gidan nan, ba mai biro ba.
Shekara sha bakwai ina kwasa maka tuwo,
sai daren jiya na gane laifina:
ba ka san kuɗin mudun shinkafa ba.
Ƙararrawa ke gaya maka ka ji yunwa.
Ba ka taɓa taya kaya an ce maka albarka ba,
ba ka taɓa kulle ƙofa da makullinka ba,
balle ka yar da shi ka kwana a dakali.

To, ga abin da ya samu, a gurguje.
Albasa kafin ruwa, gishiri kaɗan-kaɗan.
In ka biya kuɗin ɗaki karɓi takarda,
ko da mai gidan liman ne.
Wanda ya ce maka ɗan'uwa bai tambayi sunanka ba,
amsa da fara'a, ka dafe aljihu.

Malam Sahabi mai gyaran injin ban-ruwa
ya ce ka same shi Argungu ran Asabar.
Bakinsa kaushi gare shi.
Zai yi maka faɗa a kan sifana mai lamba goma,
can kuma ya turo maka rabin ƙosansa
yana kallon wani wajen.
Ka daure. Rani na tafe,
injuna za su yi ta tari a fadama kamar tsofaffi,
kowanne na neman hannu.
Naka mai albarka ne:
rediyona da ta mutu shekara biyu, kai ka tashe ta.

A ofis da suka miƙo maka fom,
akwai layin da ke tambaya
wa za a kira in wani abu ya faru.
Ina daga bakin ƙofa, na gani.
Bironka ya yi ta shawagi a sama
kamar shirwar da ba ta hango komai ba,
ka bar wurin fari, ka wuce.
Akawun ko kai bai ɗaga ba.

Ban yi boko ba, amma na san lamba.
Buɗe akwatin ƙarfen nan ka duba cikin murfi.
Da ƙusa na karce ta, tawada gogewa take.
Sha ɗaya ce, na ƙirga sau uku.
Ta ƙarshen ta karkace; bakwai ce, ba ɗaya ba.

Kira ni in zazzaɓi ya kayar da kai.
Kira ni in miya ta tsinke.
In ba kati, ka yi filashin, zan gane.
Ranar da wata ta shiga idonka
aka ce ina danginka,
kada ka sunkuyar da kai.
Baba Arzika mai gadi ya riga ya amsa,
ya ce babbar rigarsa na nan a ninke,
ni kuma zan zauna inda uwa ke zama,
da ƙamshin daddawata da komai.

Gado ɗaya ka taɓa samu a duniya,
na ƙarfe, mai lamba tara,
shi ma gobe Nafi'u zai hau.
Kada wannan ya dame ka.
Da asuba zan auna shinkafa,
na san hannuna zai ƙara dintsi ɗaya bisa kuskure,
jibi ma haka.
Ka zo da Sallah ka biya bashin.

Tashi, mai mashin na ta ƙona mai a waje.
Ɗauki akwatin ta ƙasa,
hannun ba shi da ƙwari.