Akuyar Sahura

Ranar da akuyar Sahura ta kwanta ba ta tashi ba,
mahauci ya farke tumbinta a bayan danga.
Ba dusa, ba harawa,
leda ce curi guda, kamar ƙwallon tsumma.
Sahura ta yi kuka har da shessheka.
Ban ba ta haƙuri ba. Buhu na miƙa mata.

Asabar da hantsi muka fita gayya,
ba kiɗa, ba fura:
ni da ita da Tasi'u,
da 'ya'yan Ɗanjummai uku,
har da autan da wandonsa ke zamewa.
Daga bakin hanyar Ringim zuwa gindin rijiya
muna duƙawa kamar masu kalar gyaɗa.
Wani a kan babur ya ce, "Nawa ake biyanku?"
Tasi'u ya dube ni.
Na ce, "Je ka tambayi akuya."

Ledojin ruwa muka ware gefe,
muka yanke baki, muka huda gindi,
muka cika su da ƙasa
da takin da ya rage a turken marigayiya.
Kowa ya tura irinsa da ɗan yatsa,
zogale, gwanda, darbejiya.

Rijiyarmu gaba ashirin ce,
ba a wasa da abin da guga ya kawo.
Sai muka koma alwala a kan kwano,
ƙasarin da dā akuya ke sha
Sahura ta riƙa kai wa shuka.

Tasi'u ba shi da jimiri.
Sau uku yana tone nasa ya ga ko ya motsa,
har ya kashe shi da dubiya.
Ya zauna ya haɗe rai.
'Yar'uwarsa ta ba shi ɗaya cikin nata,
ta ce aro ne.

Arba'in muka dasa da saukar damina.
Kaji suka ci rabonsu, gara ta ci nata,
tara suka tsaya.
Yau zogalen ya wuce kan Sahura,
uwarsu na tsinka ta yi kwaɗo da ƙuli,
ba ta ƙara aike kasuwa ba.

Jiya na ɓare goro a ƙofar gida,
na saki ledar, ban ma sani ba.
Autan Ɗanjummai ya bi ta da gudu,
hannu ɗaya riƙe da wando,
ya kamo ta, ya danƙa mini a tafi.
Bai ce komai ba.
Ni ma ban ce ba.