Ɗinkin Nomau

A Tawa, bayan tashar mota,
akwai rumfa, rabi kwano, rabi zana.
Nan Nomau ke taka keke tun ina ɗan lakwal,
wandona na zuwa masa duk ƙarshen wata
da sabon baki a gwiwa.

Bai taɓa cewa, "Kai yaro, ina ka hau?"
Sai ya juya wandon ciki waje,
ya lashi bakin zare, ya kanne ido ɗaya,
ya kamo yagar daga inda ta faro,
ba daga inda ta fi faɗi ba.
In ya gama, ka nemi wurin ka rasa.

Shekara arba'in sun shuɗe,
ni da alli mun yi furfura tare.
Ran nan Tsahara, sarkin tambayar aji,
ta ɗaga hannu: "Mushe, nasiha Hausa ce?"
Na ce baƙuwa ce, daga Larabawa,
mangala ɗaya ta ɗauko su da wa'azi da huɗuba,
suka tarar da gargaɗi, ɗan gida mai kaushin murya,
ya shimfiɗa musu tabarma.
"To, can garinsu me take nufi?"
Na yi gyaran murya. Ƙararrawa ta cece ni.

Da la'asar na sauka gun Malam Arzika.
Ya jawo ƙamus da bangonsa ya rabu da shi,
ya bi layi da yatsa kamar mai tsintar ƙwaya.
"Asali biyu ake faɗa mata.
Na ɗaya, tace zuma har ta rabu da kaki.
Na biyu, ɗinke tufa in ta kece.
Mai nasiha da tela, suna ɗaya ya taɓa haɗa su,
allura ma a gidan aka raɗa mata suna."

Shayin ya huce a hannuna.
Sau nawa na tsai da yaro gaban allo,
na ɗaga yagarsa sama kowa ya gani,
na ja ta da yatsa don ta ƙara fitowa,
na koma gida ina cewa na yi nasiha?
Almakashi ne a hannuna, ina kiran sa allura.

Na sani, allura ma huda take.
Amma ba ta tafiya ita kaɗai,
zare na bin sawunta.

Na biya ta bayan tasha.
Rumfar na nan, jikansa na cajin waya,
keken na kwance ƙarƙashin buhu.

Washegari na ba aji amsa, zuma da zare duka.
Aka tashi, aka watse.
Tsahara ta tsaya tana ɗaure takalmin da bai kwance ba,
sai da ɗakin ya zama ni da ita,
ta matso, murya ƙasa ƙasa:
"Mushe, aljihunka ya yage."