Hular Gashin Doki

Yau Rosalind Pickersgill ta ajiye aiki.
Na iske ta a ofis, ruwan Liverpool na dukan taga,
tana cusa shekara arba'in da ɗaya cikin kwali shida.

Ni tafinta ne, bakina na haya ne.
Sau nawa na tsaya a gabanta
ina juya kukan mutane zuwa Turanci,
ba ta taɓa cewa in taƙaita ba.

Ubanta ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa ta Bootle.
Ƙugiya ta cinye masa yatsu uku,
kamfani ya biya shi da takardar sallama.
Ran nan ta fara ganin lauya,
na kamfanin ne, takalminsa sai ƙyalli yake.
Ta ce takalmin nan ne ya kai ta makaranta.

Ta yi lauyanci a bene, saman shagon mai kifi,
fayil ɗinta duk ƙarni,
masu ƙara na biya da alkawari.
Sai jami'a ta kira.
A gaba Farfesa, a bayan ido Ƙaya,
don tambayarta a maƙogwaro take tsayawa.

Daga nan jar riga, da hular gashin doki.
"Ƙaiƙayi gare ta," in ji ta, "gara haka.
Alƙalin da kansa ya sami daɗi, barci zai yi."

Amma akwai Desmond Farrelly.
Shekara tara ta yanka masa, muryarta ko rawa babu.
Gaskiya ta yi nawa,
sai da ya ci bakwai ta iso, tana ɗingishi.
Ya aiko da wasiƙa, layi biyu:
"Ban yafe ba.
Ina fata kina lafiya."
Kullum kafin ta hau kujera sai ta karanta,
har ninkin takardar ya tsage.

Littattafai sun shiga kwali,
hula ta shiga gwangwaninta.
Wasiƙar kuwa aljihun kwat ta sa.

A bakin ƙofa ta juyo:
"Malam Ɗanjuma, da harshenku,
me ake kiran alƙali in ya sauka?"
Na yi shiru, na laluba.
Na ce, "Ranki ya daɗe, tsohuwa."
Ta yi dariya har da tari.

Ta taga na hango ta a layin bas, ba laima,
bayan wani yaro mai cin dankali.
Direba ya nemi katinta.
Ta daɗe tana lalube.