Bukka Ta Goma Sha Bakwai

An ba ni gwangwanin fenti da buroshi,
aka ce in bi bukkoki in sa musu lamba.
Ashirin da uku ne a bakin Gaji,
in ka cire biyun da giwa ta jingina da su bara.

A Alƙaleri aka yi taron,
ƙarƙashin wata fanka mai tari.
Aka shimfiɗa taswira,
aka danne kunnuwanta da kofunan shayi.
Wani ya ce a rushe, daji na namun daji ne.
Wata ta ce a'a, kayan tarihi ne,
a killace, ko tsinke kada a zare,
baƙi su zo su ɗauki hoto su biya.
Aka tafa. Aka raba ruwan leda.
Duk teburin ba wanda ya taɓa kwana cikinsu
sai ni,
ni kuwa aikina riƙe fenti.

Ta huɗu ta Barau ce mai saƙar gura.
Ta tara ta Maikano, Allah ya jiƙansa,
zabi ne suka gaje ta.
Ta sha biyu har yau tana warin banda
ko da yake an hana su sun nan tun ina goye.

A ta sha bakwai na tarar da Goggo Dudu
ta miƙe ƙafa tana yantar shuci.
Ta ce, ɗan Hajjo, me kake shafa min a bango?
Na ce, lamba ce, don kada ta ɓata.
Ta ce, da can ɓata ta yi?

Na karanta mata takarda:
ba a sauya jinka, ba a sauya tanka,
ba a yaɓe, ba a ƙara, ba a ragewa,
sai da izini daga Bauchi.

Ta yi dariya har igiya ta kuɓuce mata.

Ta ce, nuna min tsufan da kuke son tsarewa.
Jinkar nan ta bara ce.
Azarar, Barau ya saro ta shekaran bara.
Bangon ya zauna shekarar da kogi ya shigo mana,
ni da uwarka muka sake taka laka,
kana gefe kana cin ƙasa.
Abu biyu ne tsoho a nan:
ƙofar da ta ba gabas baya
don daga can ruwa ke dukanmu,
sai wannan.
Ta ɗaga hannunta.
Duk tsagar shuci, kamar bakin tafki a bazara.

In kun ɗaure hannu, in ji ta,
gara kuka ajiye wa abinci.
Damina biyu, baƙinku su zo su ɗauki hoton suri.

Ban ce komai ba.
Can ƙetare gogo ya yi haushi,
hadari na haɗa kansa ta wajen Duguri.
Ta miƙo min bakin igiya ta ce, riƙe nan, ja,
ba haka ba, ubanka ma haka yake ja.
Na riƙe. Muka yi yanta har la'asar.
Buroshi ya bushe a kan turmi.

Da dare na buɗe fom ɗin ofis da tocila.
Shekarun gini: na bar gurbin fari.
Kayan gini: laka, shuci, azara,
na tsaya,
na ƙara da Goggo Dudu.
Na san ranar Litinin za a ce in goge.

Lambar kuwa, ɗaya kawai na samu na zana.
Bakwai ɗin na nan cikin gwangwani.
In ruwa ya ɗauke za ta yaɓe bangon,
ɗayan ma ya shige ƙarƙashin laka
inda sauran shekarun suke.